Famfas, Atisaye, Magani ko Tiyata: Wanne Ya Dace da Tsohuwar da Fitsari ke Kufce Mata?

Mahaifiyata tana zaune a Argungu, shekarunta 67, haihuwarta 9. Ba ta faɗa wa kowa ba. Mu dai mun ga ta daina zuwa biki da suna, ta yanke zuwa Islamiyya, ba ta shan ruwa daga la'asar ko ana zafin bazara, kuma kullum akwai zani biyu ko uku a shanye bayan ɗakinta inda ido ba ya kaiwa. Da na zaunar da ita na tambaya, sai ta kawar da kai ta ce, "Wanga tsufa na, ɗiyata. Bar shi." Na tafi kemis na sayo famfas na manya. Wata 6 muna saye, kafin wata ma'aikaciyar jinya ta yi mini tambayar da ya kamata in fara da ita: yaushe ne fitsarin yake zubowa?

Wannan rubutu na ke ne da kike kula da uwa, ko suruka, ko kaka, kina tsaye tsakanin masu cewa a sayi famfas, masu cewa sanyi ne a nemi na gargajiya, da masu cewa a tafi asibiti.

Kafin a kashe ko sisi, a gano wane iri ne

Akwai wadda fitsari ke tsarto mata idan ta yi tari, ko atishawa, ko dariya, ko ta ɗaga bokitin ruwa, ko ta yunƙura za ta tashi daga sujada. Wannan tsokokin da ke tallafe da mafitsara da mahaifa daga ƙasa ne suka saki. Yawan haihuwa, doguwar naƙuda, ƙiba, tari mai naci, taurin bayan gida da ɗaukewar al'ada duk suna kawo shi.

Akwai kuma wadda matsuwa ce ke taso mata farat ɗaya. Ta ɗauki buta, kafin ta kai makewayi ya zubo. Wani lokaci ƙarar ruwa kawai za ta ji. Da dare tana tashi sau 3 ko 4. A nan mafitsara ce ke tsukewa ba da izininta ba. Tsofaffi da yawa sun haɗa wannan da na farko.

Iri na uku, mafitsara ba ta juye abin da ke cikinta duka, sai ta cika ta tumbatsa, ya riƙa ɗiga. Ciwon suga da ya daɗe ko saukowar mahaifa na iya jawo shi. Na huɗu shi ne wanda muka sani da yoyon fitsari: huji ne tsakanin mafitsara da gaba, fitsari yana zuba dare da rana ba tsayawa, yawanci tun bayan wata haihuwa mai wuya ko wata tiyata. Shi babu zancen zaɓi a kansa, ɗinki yake buƙata, kuma a Birnin Kebbi akwai cibiyar Gesse da aka keɓe masa. Ko shekara 30 mace ta yi da shi, a kai ta a duba.

Hanyar bambancewa ba ta cin kuɗi. A samu takarda, kwana 3 ana rubuta abin da ta sha, sau nawa ta zagaya, da abin da take yi lokacin da ya kufce. Sai a tafi asibiti da takardar, da duk ƙwayoyin da take sha a cikin leda, a yi gwajin fitsari da na suga. A wurin Innata, a nan aka gano ƙwayar hawan jini mai sa fitsari take sha da daddare. Likita ya mayar da ita safiya, tashin dare ya ragu tun a makon farko. Kada a daina ƙwayar hawan jini da ka. Likita ne zai sauya lokaci ko iri.

Wasu alamomin ba a jira da su: jini a fitsari, zazzaɓi da ciwon kwiɓi, kasa yin fitsari gaba ɗaya, ko yoyon da ya zo rana ɗaya tare da ciwon baya da mutuwar ƙafa. Mu mutanen bakin gulbi, daga Argungu har Yawuri, mun saba da tsargiya har mukan raina jini a fitsari. Ga dattijuwa kuwa yana iya zama alamar ciwon daji na mafitsara, kuma tsargiyar da ta daɗe ba a yi magani ba tana cikin abubuwan da ke kawo shi.

Ma'aunin da na yi amfani da shi

Kuɗi, amma na shekara, ba na rana ɗaya ba. Ɗorewa: abin yana gyara matsalar ne ko yana rufe ta? Sauƙi: nisanku da asibiti, ruwan wanki, da wanda zai taimaka mata. Haɗari ga jikin da ya manyanta, wanda sau da yawa akwai suga ko hawan jini a tare. Sai na biyar, wanda a wurin iyayenmu shi ne na farko: tsarki da mutunci. Abin da ya fi ci wa Innata rai ba jiƙewar zani ba ne, tsoron cewa sallarta ba ta karɓuwa ne, da tsoron jika ya zauna kusa da ita ya ji zarni. Malaman Malikiyya sun yi bayanin wannan lalura da sunan salasul bauli: idan yoyon yana ɗaukar rabin lokaci ko fiye, ba ya warware alwala, sai dai an so ta sabunta alwala ga kowace sallah. A kai ta wurin malama ko malamin da ta yarda da shi ta ji da kunnenta, domin daga bakin 'yarta ba lallai ta gamsu ba.

Atisayen tsokokin ƙasan mara

Wani likitan mata a Amurka, Arnold Kegel, shi ya yaɗa wannan atisaye a 1948, har ake kiran sa da sunansa. Shi ne matakin farko da likitoci ke bayarwa ga mai zubar fitsari saboda tari ko ɗaga kaya, da wadda ta haɗa iri biyu.

Yadda ake yi: ta matse ƙasanta kamar mai riƙe iska a cikin mutane, ta ja shi sama ciki. Ban da matse ciki, ban da matse cinya ko ɗuwawu, ban da riƙe numfashi. Ta riƙe gwargwadon iyawarta, ko daƙiƙa 3 ne da farko, a hankali har ta kai 10, sannan ta saki ta huta daidai tsawon da ta riƙe. Sau 8 a zama ɗaya, zama 3 a rana, har wata 3 aƙalla. Mu mun ɗaura shi da lokutan sallah don kada a manta: bayan ta idar da asuba, la'asar da isha'i ta shafa addu'a, kafin ta miƙe. Akwai dabara guda da ke aiki tun kafin tsokar ta yi ƙarfi: ta matse kafin tari ko atishawa ta fito, ko kafin ta ɗaga abu. Kada ta mayar da tsayar da fitsari a tsakiyar yinsa ya zama atisayenta, yin hakan kullum yana hana mafitsara juyewa sosai.

Kuɗinsa babu. Haɗari babu. Idan ya karɓe ta yana ɗorewa muddin ba ta daina ba. Wahalarsa biyu ce. Ta farko, mata da yawa suna yin sa ba daidai ba, suna nishi ƙasa kamar masu naƙuda maimakon ja sama, don haka ya kamata ungozoma ta asibiti, ko likitan mata, ko masu fisiyo, wato masu gashin ƙashi, su duba ta sau ɗaya su tabbatar. Ta biyu, haƙuri. Makonni sukan wuce ba a ga komai ba, kuma a nan yawancin mutane ke yada shi. Akwai kuma kunya: ba kowace 'ya ce za ta iya koya wa uwa wannan ba, balle suruka. Ni ƙanwar Inna na koya wa, ita ta koya mata. Wadda mantuwa ta kama sosai ba za ta iya riƙe tsarin ba.

Horar da mafitsara da gyaran ci da sha

Wannan na mai matsuwa ne. Mafitsarar babba tana riƙe kimanin ledar fiya wata ɗaya, wato rabin lita, amma wadda ta saba gudu makewayi duk minti 30 ta koya wa mafitsararta ƙararrawa tun ba ta cika ba. Horon shi ne a sa mata lokaci: idan tana iya riƙe awa ɗaya, ta riƙa zuwa duk awa ɗaya, bayan mako a ƙara minti 15, a haka har ta kai awa 3. Idan matsuwa ta taso kafin lokaci, ta tsaya cik ko ta zauna, ta matse tsokar nan sau 5 ko 6 da sauri har ta lafa, sannan ta tafi a natse. Gudu ƙara tsananta shi yake. Ana ba horon mako 6 kafin a yanke hukunci.

Batun ruwa nake son a ji da kyau. Rage shan ruwa shi ne abin da kowace tsohuwa ke fara yi, kuma yana cutarwa. Fitsari yakan yi kauri, ya ƙara zarni, ya ƙara tsokanar mafitsara, ga taurin bayan gida. A watan Afrilu da zafin Birnin Kebbi ke haura digiri 40, yana iya kai ta ga jiri da faɗuwa. Leda 3 zuwa 4 na ruwa a rana, fiye da haka lokacin zafi, sai dai idan likita ya ƙayyade mata saboda zuciya ko ƙoda. A sha mafi yawansa da rana, a rage awa 2 kafin barci. Abin da za a rage shi ne goro, shayi, kofi da lemon kwalba baƙi, domin sinadarin da ke hana barci a cikinsu yana tayar da mafitsara. Raba tsohuwa da goro ba ƙaramin aiki ba ne. Mun fara da hana na yamma kawai. Zogale, rama da kuɓewa suna sassauta bayan gida. Mai ƙiba idan ta rage nauyi ko kaɗan ne takan ga bambanci. Tarin da ya wuce mako 2 a je a gwada shi.

Kuɗi babu, haɗari babu, sai dai yana son wanda zai riƙa tuna mata.

Famfas, audugar mata da ƙunzugu

A nan kuɗin gida ke tafiya. Farashi yana sauyawa kusan kowane wata, don haka ki yi lissafin da kanki: wadda ke sa 3 a rana tana cin 90 a wata, 1,080 a shekara. Ki tambayi kuɗin fakiti a kasuwar Birnin Kebbi ko Jega, ki raba da adadin da ke ciki, ki ninka da 90. Yawancin gidaje idan suka ga jimillar sai su koma sa mata ɗaya tun safe har dare, daga nan kuma sai kurji, saɓar fata da gyambo, musamman ga mai suga, musamman da zafi.

Famfas ba ya gyara komai, amma ba na raina shi. Shi ne ke ba mace damar zama a mota daga Argungu zuwa Sakkwato, ko ta yini gidan biki ba fargaba. Mai kama da wando ya fi dacewa da wadda ke tafiya da ƙafarta, domin tana iya zame shi ta yi tsarki. Mai manne a gefe na wadda ke kwance ne. Illar da ba a cika faɗa ba ita ce, idan aka sa wa mai iya tafiya famfas dare da rana, takan daina ƙoƙarin zuwa makewayi, ƙafa ta ƙara mutuwa, riƙon ya ƙara lalacewa. Ga matsalar zubarwa: yana cika masai da wuri, yana toshe na zamani, idan aka yar a bola kuma awaki da yara su tono shi, asirin da ake rufewa ya tonu.

Audugar al'ada an yi ta ne don jini mai zuwa a hankali. Tana iya tare ɗigo kaɗan, amma ba ta shanye fitsari mai yawa kuma ba ta kashe zarni. Ƙunzugu na tsohuwar atamfa mai laushi ko tawul shi ne mafi arha, yana shekara ana wankewa, kuma fata ta fi shan iska a cikinsa. Sai dai danshi yana zama a jiki, dole a sauya da zarar ya jiƙe, a wanke da sabulu, a shanya a rana sosai. Yana son guda 8 zuwa 10 da wadataccen ruwa. Ko wanne aka zaɓa, a wanke wurin da ruwa, a tsane shi ba tare da gurzawa ba, a shafa basilin ko man zinc. A katifa a shimfiɗa leda mai kauri, a ɗora zanin auduga a kai don kada gumi ya dame ta. Fo ko bokiti mai murfi a gefen gado, da tocila, suna hana faɗuwar dare a hanyar makewayi.

Ƙwayoyin asibiti

Oxybutynin, tolterodine da solifenacin suna kwantar da mafitsara mai matsuwa. Ba sa yi wa mai zubar fitsari saboda tari komai. Kuɗinsu na wata-wata ne, kuma idan aka daina matsalar takan dawo. Suna busar da baki, abin da ke wahalarwa da azumi, suna taurara bayan gida, kuma ga tsofaffi suna iya kawo ruɗewa da ƙarin mantuwa, oxybutynin ya fi sauran. Mai wani nau'in hawan jinin ido, ko wadda mafitsararta ba ta juyewa, ba a ba ta su. Mirabegron ba ya busar da baki haka, amma ya fi tsada kuma yana iya ɗaga hawan jini. Akwai kuma man estrogen, wato sinadarin jikin mace, da ake sa wa a gaba, yana taimakon wadda ta daina al'ada kuma wurin ya bushe. Wadda ta taɓa ciwon dajin nono ko take ganin jini bayan ɗaukewar al'ada sai likita ya duba tukuna. Duk waɗannan ba na saye da baki a kemis ba ne, kuma ana komawa wurin likita bayan mako 4 a ga ko sun yi aiki.

Batun "sanyi" kuwa: idan gwaji ya nuna ƙwayoyin cuta a fitsari, a sha maganin da aka rubuta a gama shi. Sayen kafso duk wata ba gwaji asarar kuɗi ce, kuma yana sa maganin ya daina aiki ranar da ake buƙatarsa. Cusa kanwa, gishiri, alif ko haɗin da ba a san abin da ke ciki ba yana ƙona fatar da tsufa ya riga ya sirantar.

Zoben roba, tiyata da robar fitsari

Zobe ne mai laushi da likitan mata ke sakawa ya tallafi mahaifa ko mafitsarar da ta sauko. Ba yanka, kuɗin sau ɗaya ne, aiki nan take. Sharaɗinsa a koma duk wata 3 zuwa 6 a cire, a duba, a mayar. Wanda aka manta da shi shekaru yana cin nama, har ya iya huda mafitsara. Idan kun san komawar ba za ta yiwu ba saboda nisa ko halin hanya, ku faɗa wa likita tun farko.

Tiyata ta mai zubar fitsari saboda tari ce da ta yi wata 3 tana atisaye da gaske bai wadatar ba. Ana ɗage wuyan mafitsara da ɗinki, ko a yi masa majanyi da jijiyar jikinta. Ita ce mafi tsada a tashi ɗaya, kuma ita ce ta fi daɗewa tana aiki. Haɗarinta zubar jini, ƙwayoyin cuta, wahalar fitsari bayan aiki, ko sabuwar matsuwa, ga kimanin mako 6 ba ɗaukar kaya. Akwai nau'in da ake sa ragar roba, wanda Ingila ta dakatar da yawan yin sa a 2018 saboda koken matan da ya bar su da ciwo. Ku tambayi likita wane iri zai yi. Ana fara ganin likitan mata a asibitin Sir Yahaya ko asibitin tarayya na Birnin Kebbi, idan ta kama a tura ku asibitin koyarwa na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Mai rajista da KECHEMA, hukumar inshorar lafiya ta jihar Kebbi, ta tambayi abin da inshorarta ta ɗauke.

Robar fitsari ta wadda mafitsararta ba ta juyewa ce, ko mai gyambon kwanciya da fitsari ke hana shi warkewa. Idan ta daɗe a jiki ƙwayoyin cuta suna shiga. Kada a sa ta don a huta da wanki.

| Zaɓi | Kuɗi | Ɗorewa | Sauƙi | Haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Atisaye | Babu | Yana gyarawa, idan an ci gaba | Wata 3 na haƙuri | Babu |
| Horar da mafitsara | Babu | Yana gyarawa | Mako 6, da mai tunatarwa | Babu |
| Famfas | Mai yawa, kullum | Rufewa kawai | Mafi sauƙi | Kurji, gyambo |
| Ƙunzugu | Kaɗan | Rufewa kawai | Wanki da ruwa | Danshi, zarni |
| Ƙwayoyi | Duk wata | Sai ana sha | Sai da likita | Bushewar baki, ruɗewa |
| Zoben roba | Matsakaici | Shekaru, da dubawa | Komawa asibiti | Gyambo idan an manta |
| Tiyata | Mafi yawa, sau ɗaya | Mafi daɗewa | Kwanciya da jinya | Na tiyata |
| Robar fitsari | Matsakaici, ana sauyawa | Na lalura | Sai ma'aikacin lafiya | Ƙwayoyin cuta |

Wa ya dace da me

Mai ƙarfinta da fitsari ke tsarto mata da tari ko tashi daga sujada: atisaye wata 3, da ƙunzugu ko auduga a tsakani. Idan bai isa ba, a yi zancen zobe ko tiyata. Wadda matsuwa da tashin dare suka dama: gwajin fitsari da suga, duba ƙwayoyinta, horar da mafitsara, rage goro da shayi, fo a ɗaki, magani sai bayan mako 6 idan horon bai wadatar ba. Wadda take jin wani abu yana saukowa ta gabanta, ko fitsari na ɗiga alhali mararta a cike: likitan mata kai tsaye, kada a ba ta ƙwayar kwantar da mafitsara. Mai zuba dare da rana: Gesse.

Wadda ke kwance saboda shanyewar ɓarin jiki, ko mantuwa ta kama ta: a riƙa ɗora ta a fo duk awa 2 zuwa 3 ko ba ta nema ba, famfas da dare, ƙunzugu da rana idan akwai mai sauyawa, a riƙa duba fatar kwankwaso kullum. Gidan da kuɗi ya yi ƙaranci kuma asibiti ya yi nisa: tafiya ɗaya don gwaji da koyon atisaye ta fi fakitin famfas goma amfani, sauran kuma ana yin sa a gida. Mai shirin aikin Hajji ta fara atisaye da horo tun wata 3 kafin tashi, ta kuma tafi da famfas mai kama da wando don ranar Arfa da kwanakin Mina, inda layin makewayi yake da tsawo.

Wadda ta haɗa iri biyu, kamar Innata, a fara da wanda ya fi damunta. Nata tashin dare ne, don haka aka fara da sauya lokacin ƙwaya da goron yamma, atisaye ya biyo baya. Ba ta warke sarai ba: idan mura ta kama ta yana dawowa. A gida ƙunzugu take sawa, fakitin famfas ɗaya kuma yakan kai ta wata 2, domin sai ranar Islamiyya ko tafiya take ɗaukar guda.